Majigi a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Matsayin Mai Sharhi

Kalmar majigi ararriya ce daga sunan da Turawa suke kiran wata fitila mai haska hoto a bango, wadda aka ƙago a Turai tun ƙarni na 17. Masu ita kan zaga gari-gari suna nuna wa jama'a Rum da Ƙudus, ana biyansu. A Masar da Sham ma an yi akwatin leƙe mai suna Sandukud Dunya. Wato tun asali majigi yawon buɗe ido ne ga wanda ba shi da guzuri.

Da ta iso ƙasar Hausa sai ta zo cikin motar gwamnati, kyauta, da hoto mai motsi. A 1939 aka kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen mulkin mallaka a ƙarƙashin William Sellers, wanda da ma'aikacin kiwon lafiya ne a Ikko. Ra'ayinsa shi ne baƙar fata ba ya gane fim sai an sassauta shi, an cire duk wata dabara ta kyamara. Hujjar da ma'aikatan suke yawan kawowa ita ce, wai an nuna fim ɗin tsabta, da aka tambayi 'yan kallo abin da suka gani sai suka ce kaza. A ganina wannan hujja ba ta nuna komai ba sai cewa kazar ce kaɗai abin sha'awa a cikin fim ɗin.

Kudancin Lardin Katsina ya dace da wannan mota, domin ƙasar auduga ce: ga gonar iri a Daudawa, ga injin gurza a Funtuwa da Malumfashi. Abin da hukuma take so manomi ya ɗauka shi ne darasin noma irin na Baban Larai. Amma tsarin daren kansa ya tona asiri, domin tare da darasin sai an haɗa da labaran duniya, kamar birnin London, ko zuwan Sarauniya na 1956, ko tafiye-tafiyen Sardauna. Da ba don waɗannan ba, da wuya a cika ƙofar fadar hakimi bayan isha'i.

Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi kyakkyawan bayani a kan majigi a matsayin makamin mulki. To, sai dai masu nazarin adabin Hausa ba mu ba mai sharhi haƙƙinsa ba. Shi ne yake riƙe da lasifika yana mayar da hoton Hausa nan take, ya sa karin magana, ya yi wa malalacin manomi zambo, ya laƙaba wa Bature suna. Saboda haka fim ɗaya ba ya zama ɗaya a Bakori da Ƙafur. Wannan aikin ɗan kama ne da maroƙi, ba na tafinta kurum ba, kuma wurinsa yana cikin adabin baka. Kwafin wasu finafinan yana ajiye a London, amma sharhin da aka yi musu da Hausa a bakin mai shi ya tsaya, sai ɗan abin da ya rage a kan dattawan da suka kalla suna yara.