Korewa da Fahimta: Sharhi a kan Ra'in Matakai Biyu

1. Ra'in

A 1972 Clark da Chase sun nuna wa mutane hoton tauraro da alamar tarawa, tare da jimlolin Ingilishi, suka auna lokacin amsa. Korarriyar jimla ta fi tabbatacciya cin lokaci. Daga nan aka gina ra'in cewa ƙwaƙwalwa tana fara tsayar da tabbatacciyar jimla, sa'an nan ta kore ta. Ɗalibanmu a nan Yamai suna karanta wannan da Faransanci, su ɗora shi a kan Hausa ba tare da bincike ba. A ganinmu akwai gyara.

2. Shaidar Hausa

A Ingilishi, kalmar «not» guda ce, ana iya cire ta jimla ta tsaya. A Hausa korewa tana shiga cikin lamirin suna:

(1) Yara sun zo.
(2) Yara ne suka zo.
(3) Yara ba su zo ba.
(4) Yara ne ba su zo ba.

Bambancin «sun» da «suka» ya ɓace a (3) da (4). In an cire «ba … ba», abin da ya rage, «su zo», umarni ne. To, wace tabbatacciyar jimla ce mai sauraro zai fara tsayarwa? A lokaci mai ci kuwa «ba» guda ce mai dogon wasali (ba ya zuwa, a Maraɗi, ba shi zuwa), hani kuma yana da «kada», rashi yana da «babu». Ra'in bai tanadi wurin wannan rarrabuwa ba.

3. Muhallin magana

Tun 1965 Wason ya nuna cewa korewa tana sauƙi idan akwai zaton da take warwarewa. Nieuwland da Kuperberg sun tabbatar da haka a 2008, ta auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Duba (5):

(5) Ba Musa ne ya sayi dokin ba.

Babu mai faɗin (5) sai an riga an zaci Musa. Sayen dokin kuwa yana nan daram.

4. Kammalawa

Ba mu musanta jinkirin da aka auna ba. Abin da muke ja shi ne mayar da shi dokar kowane harshe. Kafin mu koyar da shi haka, ya kamata a sake gwajin da jimlolin Hausa da na Zabarmanci, kowace cikin muhallinta.