Maulidin Lamu da tseren jakuna

A tsibirin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, Maulidi ya daɗe da wuce karatu da yabon Annabi kaɗai. Cikin kwanakin ƙarshen Rabi'ul Awwal ana tseren jakuna a bakin ruwa, ana tseren jiragen katako masu tafiya da iska, ga gasar iyo, ga zanen lalle. Tun da UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, baƙi masu rataye da kyamara suka zama 'yan gida a taron. Wasu na ganin wasannin sun shanye ibadar. Ni dai ban ga laifin jakunan ba.

A duba yadda abin ya faro. Habib Swaleh, sharifin da ya taso daga tsibiran Komoro ya zauna a Lamu har ya rasu a 1935, shi ya kafa wannan Maulidi a masallacin Riyadha. Ya shigo da bugun mandiri cikin karatun, ya jawo bayi da talakawa masu hawa bishiyar kwakwa, mutanen da manyan gari ba sa zama da su. Manyan sun yi ta ƙorafi a lokacin. Ashe tun asali taro ne da aka buɗe wa kowa ƙofa, kuma a garin da lungunansa ba sa ɗaukar mota, jaki ke kai yashi da buhun shinkafa har ƙofar gida. Mai jakin nan shi ne jikan wanda Habib Swaleh ya kira.

Masu suka suna da gaskiya a wuri ɗaya. Wanda ya biya kuɗin kyautar gasa yakan so a gyara masa jadawali, har a wayi gari jerin gwanon da ake yi zuwa kabarin Habib Swaleh ya koma abin ɗauka a hoto. Sai dai akwai birki: Maulidi watan Musulunci yake bi, kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11, ba ya jiran lokacin hutun Turawa. Kuma Lamu tana da bikin al'adu na daban, wanda galibi ake yi a Nuwamba, mai neman kasuwa sai ya nufi can. Muddin malaman Riyadha ne ke tsayar da rana da tsarin karatu, a bar jakuna su yi gudunsu.