Gwanayen Naɗar Kiɗa a Tsakiyar Taro

A watan Oktoban 1984, ƙungiyar makaɗan Amurka mai suna Grateful Dead ta yi abin da kamfanonin faifai ke gani kamar wauta. Ta keɓe wuri a zauren wasanta, bayan teburin injiniyan sauti, ta ce duk mai son naɗar wasan ya zo da rikodarsa ya kafa a nan. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: a yi kyauta, a yi musaya, amma kada a sayar. Kafin wannan lokaci masoya sun shekara da shekaru suna shiga da kayan naɗi a ɓoye, wani cikin riga, wani cikin jaka.

Dalilin wannan naci a fili yake. Daga 1965 zuwa 1995, shekarar da jagoransu Jerry Garcia ya rasu, ƙungiyar ta yi wasa kusan 2,300, kuma ba ta maimaita jerin waƙoƙi dare biyu a jere. Waƙar da aka gama cikin minti bakwai jiya, yau tana iya kai minti ashirin, ta zarce cikin wata ba tare da an tsaya ba. Abin da aka kaɗa a dare guda, in ba a kama shi ba, ya tafi ke nan. Daga nan aka samu wasu mutane da suka mai da kamun nan sana'a, sana'ar da ba ta kawo ko kwabo.

Wanda bai sani ba zai ɗauka danna maɓalli ne kawai. Ina! Gwanin naɗi yana riga kowa shiga zaure, ya dubi inda aka rataye lasifikoki, ya nemi wurin da sautin dama da na hagu suka haɗu daidai. In ya matsa gaba da yawa, ganguna su danne murya. In ya ja baya, amon bango ya dagula komai. Sai ya ɗaga makirfo biyu a kan sanda, sama da kawunan jama'a, don kada hirar na kusa ta shiga. Akwai masu bin tsarin da gidan rediyon Faransa ya ƙirƙiro, wato tazarar santimita 17 tsakanin makirfon biyu, a buɗe su kusurwar digiri 110, domin naɗin ya fito kamar yadda kunnuwan mutum ke ji. Idan wasan a fili ne, sai a sa musu hular soso saboda iska.

Da an fara kiɗa, idonsa na kan allurar auna sauti. Ya ƙara da yawa, sauti ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa. Ya rage da yawa, kiɗan ya nutse cikin huci irin na kaset. A zamanin kaset akwai wata jarrabawar: mai minti 90 yana ɗaukar minti 45 ne a kowane gefe, don haka dole mai naɗi ya san waƙoƙin sosai har ya iya hasashen inda za a numfasa, ya juya kaset cikin ƙiftawar ido. Ga lissafin batir. Sannan ga abin da ni na fi jinjina wa: mutumin nan ya biya kuɗin shiga don son kiɗan, amma ba ya rawa, ba ya tafi, ba ya amshi. Kowa na shewa, shi yana tsaye ƙiƙam na sa'a uku, saboda wasu da bai taɓa gani ba su ji daren nan bayan shekara talatin.

Ba kowace ƙungiya ce ta yarda ba, shi ya sa labarin Mike Millard ya shahara. A shekarun 1970 a Los Angeles, yakan shiga wasa a keken guragu alhali ƙafafunsa lafiya lau, rikodar Nakamichi na ɓoye a ƙarƙashin mazauninsa, makirfo kuma a cikin hula. Naɗin da ya yi wa ƙungiyar Led Zeppelin a watan Yunin 1977 har yau ana sa shi cikin mafiya kyau. Ya tsani masu buga irin wannan naɗi su sayar, har yakan sa wata alama a kwafin da ya ba kowa, don ya gane wanda ya ci amana.

Kamun sauti rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne isar da shi hannun jama'a ba tare da ya lalace ba. A da, kowane kwafi daga kaset zuwa kaset yana rage armashi, don haka ake ƙirga hawa: wannan daga uwar kaset aka kwafo shi, wancan jika ne, wancan tattaɓa-kunne. Sabon shiga wanda ba shi da abin musaya yakan aika kaset fanko da kan sarki ta gidan waya, wani baƙo ya ɓata darensa ya cika masa, ya mayar masa kyauta.

Intanet ta kawar da matsalar hawa, ta kawo tata. MP3 yana rage nauyin fayil ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sauti, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Saboda haka jama'ar etree, al'ummar masu musayar naɗi ta intanet wadda ta kafu a 1998, suka tsaya kai da fata a kan tsarin da ba ya zubar da komai: Shorten da farko, daga baya FLAC, wanda ya fito a 2001. Kowane naɗi yana tafiya da takardar salsalarsa: rana, gari, zaure, irin makirfo, irin rikoda, wanda ya naɗa, wanda ya juye shi cikin kwamfuta, da inda aka samu yankewa. Ana haɗa masa da wasu lambobin tantancewa da ke tona asiri idan ko ƙwayar bayani ɗaya ta canja a hanya. Wanda ya mai da MP3 zuwa FLAC don ya ruɗi mutane ba ya daɗewa, domin masana na buɗe hoton sautin su ga inda aka datse samansa.

Akwai kuma masu haɗa naɗi biyu na dare ɗaya: na teburin injiniya, mai tsabta amma bushe, da na cikin taro, mai ɗumi da hayaniya. Aikin na son haƙuri, don sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, makirfon da ke nesa da dandamali yana ji a makare, kuma rikoda biyu ba sa juyawa da gudu ɗaya. Sai an bi waƙa-waƙa ana daidaitawa.

Tun 2002 rumbun Internet Archive yake tara wasannin ƙungiyoyin da suka ba da izini. A Nuwamban 2005 an janye na Grateful Dead, masoya suka yi ca, ba a daɗe ba aka dawo da naɗin cikin taro don saukewa, na tebur kuma aka bar shi a saurara kawai. Wasan da Grateful Dead ta yi a jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayun 1977, wanda Betty Cantor-Jackson ta naɗa, ya yi ta yawo hannu da hannu har Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa shi cikin kundin sautukan tarihi a 2012. Sai a 2017 aka fitar da shi kasuwa.

Mu ma muna da makaɗan da ba sa maimaita dare. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan ƙaga baituka nan take a wurin biki, kuma akwai kaset-kaset ɗin irin waɗannan wasanni a akwatunan gidaje. Mai karatu, in akwai ɗaya a gidanku, tambayi dattawa a wane gari, a wace shekara, kuma a bikin wa aka yi shi tun suna iya tunawa, ka rubuta, ka nemi wanda zai juye shi cikakke cikin kwamfuta kafin ka tura wa kowa ta WhatsApp.