Abu Ta Tsira, Sauran Fa?

Kwanan baya na sake ɗauko littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila?, wanda ya fito a 1990. Duk wadda ta karanta shi ba za ta manta da Abu ba, 'yar shekara 13 da aka cire daga makaranta aka ɗaura wa aure da Sarkin Noma, sa'an babanta. Daga baya ta gudu Kano, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Gaskiya Hajiya ta yi ƙoƙari, don ita ma tana ƙarama aka yi mata auren fari, ta san zafin abin. Kuma ba uba kaɗai ta ɗora wa laifi ba, har da ɗan bokon da ya guji Abu wai shi ba zai auri jahila ba.

Amma ga inda nake da ja. Abu tana da 'yar uwa a birni da ta riƙe ta. To yarinyar ƙauyukan Dutse da Kiyawa fa, wa gare ta? Talla take yi a kasuwar Shuwarin, uwa na tara ribar don kayan ɗaki, uba na tsoron abin kunya, makarantar sakandare ga nisa. In damina ta yi gardama, sai a ce a rage baki ɗaya a gida.

Irin wannan sau da yawa asibitin Jahun take ƙarewa. Ƙugu bai gama buɗewa ba, ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaki, kan ɗa ya danne mafitsara har ta huje. Ɗan ya zo babu rai, ita kuma ga yoyon fitsari. Tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF ke yi wa irinsu aiki a Jahun. Mijin kuwa, wani sai dai ya aiko da takardar saki.

Mu marubuta mun fiye kai 'yan matan labarinmu birni mu saya musu mota, mu bar na ƙauye ba mai ba da labarinsu. A 2021 Gwamna Badaru ya sa hannu a dokar kare yara ta Jigawa, amma doka ba ta shiga ɗakin uwar ɗiya. Littafinmu kuwa har ƙarƙashin matashi yake kwana.

Don Allah 'yar uwa, in kin gama karatu ki karanta wa maƙwabciyarki mai 'ya'ya mata. Allah Ya sa mu dace, amin.