Tsohuwar jitar bes da tsagen sanyi: a daina kankarewa, a daina ƙirƙira

A garuruwan da dusar ƙanƙara ke zuba, irin su Ditiroit da Shikago da Toronto, makaɗan jitar bes sun san wata asara da ke faruwa cikin minti kaɗan. Mutum zai bar jitarsa ta kwana a but ɗin mota, sanyi ya ratsa katakon, da safe ya shiga da ita ɗakin da hita ke aiki, ya buɗe akwatinta nan take. Kafin ya gama daidaita tsirkiya, fentin ya cika da siraran layuka, kamar faso a diddige lokacin hunturu. Wani ma yakan ji 'yar ƙarar tsagewar da kunnensa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Katako da fenti ba sa miƙewa ko takurewa da sauri ɗaya. Idan ɗumi ya bugi jita mai sanyi, fentin da ke sama shi ke fara jin zafin, katakon da ke ƙasa kuwa yana nan da sanyinsa. Sabon fenti zai iya jure wannan ja-in-ja domin yana da sauran laushi. Tsohon fenti ya riga ya bushe ƙarau, don haka sai ya tsage.

Fentin da abin ya fi shafa shi ne naitiroselulos, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa da naitiro. Kamfanin DuPont ne ya yaɗa shi a shekarun 1920 da sunan Duco, domin fentin motoci. Da maƙerin jita Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, sannan Jazz Bass a 1960, irin wannan fenti ake fesa musu, har ma wasu launukan daga jerin launukan motoci aka ɗauko su. Naitiro siriri ne, kuma sinadaran da ke ba shi laushi suna ta fita daga jikinsa shekara da shekaru. Bayan kamfanin CBS ya sayi kamfanin Fender a 1965, kafin ƙarshen shekarun 1960 sai aka koma fentin foliyesta mai kauri, wanda ya fi juriya. Shi ma yakan fashe idan sanyi ya tsananta, amma fashewarsa doguwa ce mai zurfi, ba irin lallausar saƙar naitiro ba.

To, mutum ya buɗe akwati ya tarar da wannan ɓarna a jikin jitar da ta haura shekara hamsin. Me zai yi? Ra'ayina shi ne ya bar ta. Na san wuyar wannan magana ga wanda zuciyarsa ke tafasa, domin abin da ke fara zuwa rai shi ne a kai ta wurin mai fenti, a sa samfefa a kankare ta tas, a fesa sabo. Wannan shi ne mafi munin abin da za a yi wa tsohuwar jita. Tsagewar fenti a sama take, ba ta shiga katako, ba ta taɓa wuya, ba ta taɓa maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya. Bes ɗin da ya yi daɗi jiya zai yi daɗi yau. Amma fentin asali, da zarar an kankare shi, ya tafi ke nan. Dillalan tsofaffin jita sun daɗe suna cewa sake fenti kan zabge kusan rabin darajar kaya, kuma ba son zuciya ne ya sa suke faɗin haka ba. A jikin fentin ne ake karanta gaskiyar jita: yadda launin ya dushe, yadda yake haske a ƙarƙashin fitilar da ake gwada jabun kuɗi da ita, har da ƙananan ramukan ƙusa da ma'aikatan Fender ke bari a gangar jita a farkon shekarun kamfanin lokacin shanya fenti. Samfefa ba ta barin ko ɗaya daga cikin waɗannan shaidu.

Barin ta kuwa ba ya nufin sakaci. Idan fentin ya fara ɓamɓarewa yana zuba, ƙwararren mai gyara zai iya kwantar da shi. Naitiro yana da wata baiwa da foliyesta ba shi da ita: sinadarin da ya narkar da shi tun farko zai iya sake narkar da shi ko bayan shekara sittin, ta yadda bakin tsaga zai haɗe da ɗan'uwansa. Aiki ne na ɗigo-ɗigo da haƙuri, ba na mai koyo ba. Abin da mai jita zai yi da hannunsa kaɗan ne: ya goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi, ya guji man goge kayan ɗaki mai silikon, domin yana shiga cikin tsaga ya zauna, ya hana duk wani gyara kamawa nan gaba. Ya kuma raba ta da marataya mai roba, tunda roba na cin naitiro.

Akwai inda babban gyara ya wajaba, ban musa ba. Jazz Bass ɗin makaɗin bes Jaco Pastorius, ƙirar 1962, wanda ake wa laƙabi da Bass of Doom, ragargajewa ya yi gutsi-gutsi, sai da masu gyara suka harhaɗa shi da gam suka lulluɓe gaba da bayansa da sabon katako. Can an ceci kayan kiɗa ne daga mutuwa. Tsagen sanyi bai kai ko kusa da nan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, wato yayin da ake ciki na sayen tsufa da kuɗi. A 1995 sashen ƙira na musamman na Fender ya nuna jitar da ya kira Relic a baje-kolin kayan kiɗa na NAMM, sabuwa fil amma an ƙuje ta, an dusar da launinta, an tsattsaga fentinta da gangan. Kasuwa ta karɓa hannu bibbiyu. A 2009 aka fito da jerin Road Worn, ƙirar Meziko, domin masu ƙaramin ƙarfi su ma su samu. Gibson ya buɗe nasa sashen, Murphy Lab, a ƙarƙashin Tom Murphy, inda mai saye ke zaɓar matakin tsufan da yake so daga cikin huɗu, daga ɗan kaɗan zuwa mai tsanani. A gida kuma matasa na kwaikwayo: wani ya sa gangar jita a firiza ya fitar ya buga mata iska mai zafi, wani ya zana layukan da reza ɗaya bayan ɗaya.

Ban ce kamfanonin nan maƙaryata ba ne. Suna faɗa a fili cewa kayan sababbi ne, kuma gwanintar da ke cikin aikin ba ƙarama ba ce. Na kuma yarda da makaɗan da ke cewa wuyan da aka rage wa fenti ya fi daɗin riƙo, hannu ba ya mannewa idan gumi ya keto. Amma daɗin riƙo daban, tsagen gangar jita daban. Babu yatsan da ke amfana da layin da aka zana da reza. Abin da ake saye a nan labari ne, labarin tafiye-tafiye da darare da motocin haya da jitar ba ta taɓa gani ba.

A dubi James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a tarin waƙoƙin kamfanin Motown a Ditiroit. Precision Bass ɗinsa na 1962, wanda ake wa laƙabi da Funk Machine, ya shahara da dauɗa da tsofaffin tsirkiyoyi da ba ya son canzawa. Duk tabon da ke jikin wannan jita, aiki ne ya kawo shi. An sace ta gab da rasuwarsa a 1983. Da za a gan ta yau, kowane tabo zai zama hujja ga mai tantancewa. Yayin ƙirƙirar tsufa yana rage wa irin wannan hujja ƙarfi. Da zarar ido ya saba da tsagen da aka ƙera a masana'anta, mai saye ba ya iya bambance na gaske da na reza, kuma nan ne ɗan damfara ke samun ƙofa: ya ɗauki gangar da aka sake wa fenti, ya tsufar da ita, ya sayar a matsayin ta asali.

Akwai wata illar da ba a cika faɗa ba. Wasu sun fara ɗaukar sanyi a matsayin aboki, suna cewa ai tsagewa ƙarin kyau ce, bari ta faru. Sanyin da ya tsaga fenti ba ya tsayawa a fenti. Iskar ɗakin da hita ke ɗumamawa busasshiya ce ƙwarai, takan sa allon wuya ya takure har bakin ƙarafansa su fito suna yankar hannu, wuyan ya lanƙwasa, gam ya saki. Shi ya sa masu ƙera jita ke ba da shawarar a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari.

A nan ne maganar ta iso gare mu. Dusar ƙanƙara ba ta zuba a Kano ko Zinder, amma bushewar hunturu tana yi wa katako irin abin da hita ke yi masa a Turai, kuma wasu daga cikin jitar da ke hannun makaɗanmu na gwanjo ne da suka riga suka sha wuya kafin su iso. Makaɗan jita na Agadas da ke zagayen wasa a Turai da Amurka cikin sanyi kuwa, su ainihin matsalar suke fuskanta, daga jirgi zuwa mota zuwa zauren wasa.

Rigakafin ba ya cin ko sisi. Kada jita ta kwana a mota, ko cikin sanyi ko cikin rana. Idan ta shigo daga sanyi, a bar ta cikin akwatinta a rufe na wasu sa'o'i har jikin akwatin ya daina sanyi, sannan a ɗan buɗe kaɗan, a ƙara jira. Lokacin hunturu a ajiye ta cikin akwati da ɗan soso mai danshi a cikin robar da aka huhhuda, ba tare da ya taɓa fentin ba. Mai tsohuwar jitar da sanyi ya riga ya tsaga, ina roƙonka kada ka kai ta ga samfefa. Mai sabuwa kuma, kada ka kai ta firiza, ka ɗauke ta ka yi ta kaɗawa.