Bakin Laura da bakin Lizzie: bitar "Goblin Market"

Mazan mawaƙan Ingila na ƙarni na 19 sun saba baje jikin mace kamar kayan talla: ga gashi, ga wuya, ga leɓe, mai karatu na gefe yana kallo. Christina Rossetti ba ta bi su ba. A "Goblin Market", waƙar da ta rubuta a 1859, kamfanin Macmillan ya buga a 1862 da zanen yayanta Dante Gabriel, cikin jikin take jefa mai karatu, ta baki kuma take shigar da shi.

Dodanni masu fuskar mage da ta ɓera ne ke tallar 'ya'yan itace a bakin rafi. Wata budurwa, Laura, ba ta da ko sisi, sai ta yanki gashinta ta biya, ta yi ta tsotsa har leɓenta ya yi zafi. Daga ranar ba ta ƙara jin kiransu ba. Ta rame, furfura ta fito mata. 'Yar'uwarta Lizzie ta tafi da kuɗin azurfa ta sayo mata. Suka ce sai dai ta ci a gabansu. Ta ƙi. Suka yagushe ta, suka fizgi gashinta, suka murtsuke 'ya'yan itacen a fuskarta, ita kuwa ta datse haƙora, ruwan na gangarowa har wuya. Da Lizzie ta koma gida, ruwan nan Laura ta lasa a fuskarta, ya zame mata ɗaci, ta warke.

Tun 1980 George Lakoff da Mark Johnson suka nuna cewa da abin da jiki ya sani muke fahimtar abin da ido ba ya gani. Rossetti ta riga su aiki da wannan. Tana jero sunayen 'ya'yan itace da sauri, ɗango gajere bayan gajere, har yawu ya tsinke wa mai karatu. Kafin ya tuna da yanke wa Laura hukunci, shi ma kwaɗayin ya kama shi. Nan gwanintar take.

Sandra Gilbert da Susan Gubar, a littafinsu "The Madwoman in the Attic" na 1979, sun ga darasin danne zuciya da aka ɗora wa mata. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina sun rage wa Lizzie tsawo. Wadda aka lakaɗa wa duka ta ƙi buɗe baki, jikinta take karewa, da shi kuma ta ɗauko magani. Rossetti ta yi shekaru tana aikin sa-kai a gidan gyaran hali na Highgate, cikin matan da jama'a suka ce sun lalace har abada. Ita kuwa ta bar Laura ta rayu, ta yi aure, ta haihu.

Ƙarshen ne ya ɗan yi sanyi. Laura ta tara 'ya'yanta tana yi musu nasiha kan zumunci, kuma baitocin sun fi na kasuwar ladabi nesa ba kusa ba, amma ba su kai su daɗi a baki ba.