Garin Tasha a Ƙagaggun Labaran Hausa

Duk wanda ya bi sawun ƙagaggun labaran Hausa tun daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 zai lura cewa wurare biyu marubutanmu suka fi sani, wato ƙauye da birni. Ƙauye shi ne gidan kunya da tarbiyya, birni kuwa bariki ne inda yaro kan je ya lalace. Akwai wuri na uku da ya yi tashe fiye da shekara 40 a tsakanin waɗannan biyu, amma alƙalami bai waiwaye shi yadda ya kamata ba. Wannan wuri shi ne ƙaramin garin da ya tsiro, ko ya bunƙasa, a gefen layin dogo, irin su Nguru da Ƙaura Namoda da Kafanchan. A ganinmu wannan giɓi ne babba a adabinmu na zube.

Hanyar jirgi da aka faro daga Baro ta iso Kano a 1911, ta kai Ƙaura Namoda a 1929, sannan Nguru a 1930. Waƙa ce ta fara kula da al'amarin. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya tsara Waƙar Diga a kan aikin shimfiɗa hanyar, a zamanin da ake tara talakawa ta hannun sarakuna su yi haƙa, ko suna so ko ba sa so. Sai dai waƙar ta lokacin haƙa ce, kafin tashoshin su zama garuruwa. Da zube ya zo, sai ya juya baya. Daga cikin littattafai biyar da gasar 1933 ta haifar babu wanda ya ɗauki garin tasha a matsayin dandalin labarinsa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi ayari ya keta Sahara, alhali jirgin ƙasa ne ya ƙarasa kashe wannan hanyar fatauci shekaru kaɗan kafin a rubuta littafin. Abin lura kuma, a Zariya aka tace waɗannan littattafai, garin da layuka suka haɗu, inda kukan jirgi ke shiga kunnen kowa safe da yamma.

Bari mu ɗauki Nguru mu ga abin da aka bari a ƙasa. Nan ne ƙarshen layi, saboda haka kayan ƙasar Barno da na kudancin Nijar nan suke taruwa kafin a loda su a taragu: gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da kanwa da bandar kifi da shanu. Raƙumi da jaki su sauke, jirgi ya ɗauka. A irin wannan gari, daura da tasha akan sami layin kantuna masu rufin kwano, na kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC, da na Kwara. A ciki akawu na tsaye bayan kanta yana auna akoko da alawayyo da atamfa, ana sayar da gishiri da kananzir da sabulu da fitilar ƙwai, ana lissafi da sule da sisi da taro da anini. A baranda tela na taka kekensa. Gefe guda ga ɗan baranda da sikelinsa yana jiran manomi, shi kuma manomin bai iya karanta lambar da ke jikin sikelin ba. Wannan tsayuwa ta mutum biyu a gaban sikeli ta isa jigon littafi guda, domin a cikinta akwai bashi da zamba da amana, akwai kuma harajin da ke jiran manomin a gida. Ranar da jirgi zai shigo kuwa gari kan sake kama: 'yan dako, 'yan talla, masu tuwo-tuwo, masu masauki, 'yan cirani, da ɓarayin da suka san fasinja na gyangyaɗi.

Mutanen ma ba iri ɗaya ba ne. Manga da Bade da Barebari da Fulani da Buzaye, ga ma'aikatan reluwe Yarabawa da Ibo a kwatas ɗinsu, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Wannan ya kai mu ga batun salo. A bakin tasha aka murɗa kalmomi irin su diga da lebura da tikiti da tarago da kanti da sito har suka zauna daram a harshenmu, kalmar akawu kuma daga Yarabanci ta shigo. Marubucin da ya saurari Hausar akawu da ta ɗan dako da ta Bamange mai raƙumi zai sami muryoyi uku mabambanta, maimakon Hausar makaranta guda ɗaya da taurarin littattafanmu kan yi magana da ita tun daga sarki har bara.

Me ya hana? Muna jin dalilin farko shi ne manufa. Littattafan farko don makarantu aka yi su, marubutansu kuwa malamai ne da ke kallon bakin tasha a matsayin matattarar 'yan iska. Wannan kallo ya daɗe. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya nuna illar barin ƙauye zuwa birni, kuma ya yi hakan da gwaninta, amma taswirarsa ita ce dai ta wurare biyu. Lokacin da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano a ƙarshen shekarun 1980, jirgi ya riga ya sukurkuce, saurayin labari kuma a Marsandi yake zuwa zance.

Wasu sun gwada a wasu harsuna. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya sa an ba da labarin The Passport of Mallam Ilia a cikin jirgin ƙasa, sai dai jirgin mazubi ne kurum, labarin na ramuwar gayya ne, tashoshi kuwa ta taga ake hango su. Wanda ya shiga cikin garin sosai shi ne Sembène Ousmane na Senigal, a littafinsa na 1960 kan yajin aikin ma'aikatan layin Dakar zuwa Bamako na 1947 da 1948. Ya nuna yadda tsayuwar jirgi ta shiga tukunyar kowace mace, yadda mai kanti ya daina ba da bashi, yadda aka rufe famfo. Mu ma mun yi namu yajin a 1945, wanda ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka ja gabansa fiye da kwana 40. Yaya Ƙaura Namoda ta kwana a waɗannan makonni? Wannan tambaya ce ta mai ƙaga labari.

Ba kira muke yi a rubuta begen zamanin da ya shuɗe ba. Layin an shimfiɗa shi ne don kwashe amfanin gona zuwa bakin teku, kuma a kan waɗannan tashoshi ne iyalan Ibo suka yi cincirindo a 1966 suna neman tsira da rayukansu, suka bar shaguna da maƙwabtan shekara da shekaru. Labarin da ya tsallake wannan bai cika ba. Haka nan faɗuwar garuruwan: layin Maiduguri da aka gama a 1964 ya rage wa Nguru kaya, manyan motoci suka ƙwace sauran, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka ƙarasa.

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke rubutu a wannan mujalla 'ya'yan zango ne na nan Kudu, waɗanda kakanninsu suka biyo taragun shanu suka sauka a Agege ko Lafenwa ko Umuahia, suka riƙa tura huhunan goro Arewa. Amma labaran da suke turo mana kusan duk a wani birni marar suna suke faruwa, mai bene da ƙofar ƙarfe. Tsofaffin da suka yi dako a waɗannan tashoshi kaɗan ne suka rage, wasunsu kuma a unguwannin da ɗaliban suka fito suke zaune, sun san sunan kowane kanti da wanda ya riƙe shi, da kuɗin tikitin Kano kafin naira ta zo a 1973.